Makullin Kangon Bayan Tasha

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekara ashirin da bakwai yana masinja a wani ofishi mai hawa uku. Aikinsa ɗaukar fayil daga teburin wannan zuwa teburin wancan, da goge kujerar oga, da sanin wanda ke shan shayi da madara da wanda likita ya hana sukari. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan komai. Ranar da aka yi masa walimar sallama, ogan da ya tashi yin jawabi sai da ya sunkuya ya tambayi sakatariya sunansa.

A gida ma bai tsira ba. Matarsa, wadda muke kira Inna, mace ce mai kirki da kyauta, amma ba ta barin magana ta taɓa ƙasa. Idan Kawu ya fara, "Ni dai a ganina," kafin ya haɗiye yawu ta ƙarasa masa maganar, ta kuma nuna masa inda ya yi kuskure a cikinta.

Da ya yi ritaya ya zauna wata uku a gida. Ya gyara ƙofofin da ba su lalace ba, ya kwance famfon tsakar gida ya kasa mayarwa. Inna da kanta ta shiga nema masa aiki. Aka yi sa'a ofishin kula da wuraren tarihi yana neman mai gadi, aka ba shi makulli guda ɗaya da benci.

Wurin wani kango ne a bayan tashar mota. Bango huɗu masu kauri, ba rufi, tagogi dogaye masu baka a sama, wani dandamali a ƙarshen ɗakin mai matakala uku, sai ƙaramin ɗaki a gefe da ƙofar ƙarfe a gaba. Ofishin ya kafa allo a bakin ƙofa, an rubuta "Wurin Tarihi" da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma "An hana fitsari a nan". Iyakar bayanin ke nan. Kawu ya tambayi jami'in da ya ba shi makulli tarihin me ne, jami'in ya ce fayil ɗin ginin gara ta cinye tun kafin a kawo shi ofishin.

"To idan baƙi suka tambaye ni fa, ranka ya daɗe?"

"Kai mai gadi ne, Baba. Ka buɗe, ka rufe."

Abin da ya fi yi wa Kawu daɗi a aikin shi ne rediyonsa. Yana da wata tsohuwar rediyo mai kaset, an ɗaure murfinta da roba, da kaset uku na kiɗan da, irin mai ƙaho da ganga da jita. Tun da Inna ta shiga makarantar matan unguwa ta hana a kunna su a gida. Ita kuwa wa'azi take saurare a waya, ta ƙure murya har gida na uku suna ji, kuma wanda ta fi maimaitawa shi ne na haƙƙin maƙwabci. A kango ba mai hana Kawu. Sai ya share dandamalin, ya ɗora tukunyar shayi, ya miƙe ƙafa a benci, ƙaho yana tashi yana dukan bango yana dawowa. Maƙwabcinsa ɗaya ne, wani tsoho mai gyaran takalma da ke zama a inuwar katanga ta waje. Tsohon ba ya ji sosai, don haka gaisuwarsu ɗaga hannu ce safe da yamma.

Baƙinsa na farko wasu mata da miji ne da motarsu ta lalace a tasha. Suka zagaya, suka ɗauki hoto, mijin ya ce, "Baba, mene ne wannan ginin a da?"

Kawu ya ce, "Wallahi ban sani ba."

Matar ta dubi mijin, ta dubi Kawu tun daga hula har silifa, suka fita ba ko sai an jima. Ya gaya mini daga baya cewa wannan kallon ya fi masa ciwo a kan duk tsawar da ya sha a ofis. A karo na farko a rayuwarsa an tambaye shi abu, ya kasa.

Bayan sati biyu sai ga shugaban kwamitin masallacin unguwarsu, wanda kowa ke kira Ciyaman. Dattijo ne mai shekara saba'in da wani abu, mai farin gemu da sanda mai kan azurfa, ba ya tafiya sai da mutum biyu a bayansa masu cewa "haka ne". Ya tsaya a tsakiyar kangon, ya dubi dandamali, ya dubi rana, ya ce, "Malam, wannan ba gabas yake kallo ba?"

Gaskiya dandamalin ya ɗan karkace, ya fi kusa da kallon gidan mai. Amma Kawu ya tuna kallon matar nan. Ya ce, "Kai ma ka gani da idonka, Alhaji."

"Ai na faɗa! Tsohon masallaci ne."

"Haka ne," in ji na bayansa.

"Wa ya gina shi?"

Kawu ya ji bakinsa ya buɗe da kansa. Ya ce wani malami ne da ya zo daga nesa, ya yi tafiyar kwana arba'in a ƙasa. Mutum uku suka yi tsit suna saurarensa. Ba wanda ya katse shi, ba wanda ya ƙarasa masa. Ya yi magana ta minti goma cur, abin da bai taɓa yi ba tun ranar da aka haife shi.

Asabar ta gaba Ciyaman ya dawo da mota cike da jama'a. Kafin wata biyu malamin nan ya samu ɗalibai ɗari uku, da rijiyar da ba ta ƙafewa, da damisar da ke kwana a bakin ƙofa ba ta taɓa kowa. Wajen shara Kawu ya tsinci wani guntun tagulla a lanƙwashe, ya goge shi da toka ya ajiye a cikin kwalba. Wannan ya zama bakin butar alwalar malam. Mutane suna taɓa kwalbar suna shafawa a fuska.

Ana cikin haka, wata Lahadi da yamma, sai ga matan wata coci sun sauko daga bas, dukansu da ɗankwali iri ɗaya. Shugabarsu ita ce mai koyar da mawaƙan cocin, suna kiranta Mama. Mace ce mai jiki da murya, irin wadda idan ta ce "shiru" har direbobin tasha sukan rage hayaniya. Ta ɗaga kai ta dubi tagogin nan masu baka, ta dafe ƙirji.

"Baba mai gadi, wannan ai coci ce."

Kawu ya duba hagu da dama, ba kowa sai tsoho mai takalma yana buga ƙusa. Ya ce, "Ke ma kin gani da idonki, Mama."

Nan take aka samu wani likita mai wa'azi wanda ya zo a kan keke, yana ba da magani da safe yana koyar da waƙa da yamma. Dandamali ya zama wurin tsayuwar mawaƙa. Guntun tagulla ya zama ɓallin ƙararrawa. Matan suka hau matakala uku suka rera waƙa, muryarsu ta cika kangon. Kawu ya ce mini ko ba komai matan nan sun iya waƙa, kuma bangon nan an yi shi ne don sauti.

Haka ya raba mako. Asabar ta malam ce, Lahadi ta likita. Damisa dai tana zuwa duka ranakun biyu, don ya lura kowa yana sonta.

Ni na gano shi ne saboda na kai masa saƙon mahaifiyata ranar Asabar, na manta laimata, na koma ɗauka ranar Lahadi. Da bas ɗin ta tafi na ce, "Kawu, jiya ba butar malam ba ce wannan?"

Ya zuba mini shayi, bai ko ji kunya ba. "Ɗiyata, ni ban taɓa fara faɗin komai ba. Su suke zuwa da gininsu a ka. Ni tagogi kawai nake sa musu."

"In suka haɗu fa?"

"Su wa? Mutanen da shekara da shekaru layi ɗaya ya raba su ba su taɓa shan ruwan gidan juna ba? A ina za su haɗu?"

Har Inna ta zo da matan makarantarsu wata Asabar. Ta tsaya a baya ta ga mutum arba'in sun yi shiru mijinta yana magana. Da ya koma gida a wannan rana ya tarar an shimfiɗa masa sabuwar darduma, kuma daga ranar ta daina ce masa "kai", ta koma "Malam". Idan ya ce, "Ni dai a ganina," sai ta ajiye abin da ke hannunta ta jira. Ya ce da farko har tsoro abin ya ba shi, don ya saba ba ya tanadar ƙarshen magana.

Shekara biyu da rabi ana haka. Sai gwamnati ta ba da hutu ranar wata Laraba.

Da misalin ƙarfe goma na safe bas biyu suka tsaya a bakin kango, hanci da hanci. Ciyaman ya sauko da mutanensa, biyu daga ciki suna ɗauke da sabon allo mai koren fenti, an rubuta sunan malamin da Kawu ya ƙirƙiro, har da shekarar rasuwarsa. Mama ta sauko da nata matan, su ma da allo, fari mai shuɗin rubutu, da sunan likita da hoton keke. Kowane ɓangare ya zo da mai haƙa rami.

Da farko an gaisa cikin mutunci, kowa yana zaton ɗayan yawon buɗe ido ya zo. Sai da masu haƙa biyu suka sa diga a wuri ɗaya.

"Baiwar Allah, me za ku kafa a ƙofar masallaci?"

"Masallaci? Alhaji, ka dubi tagogin nan da kyau."

"Ke ki dubi alƙibla!"

"Haka ne!"

"Ina Baba mai gadi? Shi zai faɗa."

"Ƙwarai, a kira Malam!"

Kawu yana jin an haɗa sunayensa biyu a numfashi ɗaya sai ya zabura. Ya shige ƙaramin ɗakin nan ya ja ƙofa ya sa sakata. Aka yi ta bugu. Ya ce daga ciki ba shi da lafiya, a dawo gobe, kowa da ranarsa. Wannan "kowa da ranarsa" ita ta ƙara dagula lamarin, don wata daga cikin matan ta tambaya wace rana ce ta wa.

Murya ta fara tashi. Wani daga cikin 'yan kwamiti, mai neman a rabu lafiya, ya hango tsoho mai takalma ya leƙo ta ƙofa da guduma a hannu. Ya ce, "Ga wanda ya girme mu duka. A tambaye shi mana." Ciyaman ya ce ba sai an wahalar da tsoho ba. Mama ma, abin mamaki, ta ce a ƙyale shi, ba ya ji. Amma an riga an kamo hannunsa an kawo shi tsakiya. Aka yi masa tambayar a kunne sau uku da ƙarfi.

Tsohon ya ce, "Nan? Gidan rawa ne."



Da yake kurma ne, bai san da ƙarfi yake magana ba. Ya ce da can sito ne na wani kamfani, da kamfanin ya tashi aka mayar da shi gidan rawa, duk Asabar ana cika. Shi ne mai busa ƙaho, a kan dandamalin nan yake tsayawa, ta hagu. Ya hango kwalba a kan benci, ya ɗauka ya juya ta. "Kai! Wannan ai maƙogwaron ƙahona ne. Ranar da rufi ya faɗo ya karye."

Wata mata da ta sha shafa kwalbar a goshin jikanta ta ce, "Innalillahi."

Tsoho bai gama ba. Ya ƙura wa Ciyaman ido, ya matso, fuskarsa ta washe. "Ɗan Juyi! Kai ne? Ina wandon nan naka mai faɗin ƙafa? Wannan yaron, in ya shiga fili sai an ja baya an ba shi wuri." Ya juya wajen Mama. "Ke kuma ba ke ce mai waƙa biyu kafin a tashi ba? Muryarki na nan? Kullum ina ganinku kuna wucewa, na ce ko ba ku gane ni ba ne."

Kawu ya ce ta ramin makulli yake kallo. Ciyaman yana duban kan sandarsa kamar yau ya fara ganinta. Mama tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Ba wanda ya dubi wani. A nan ne Kawu ya gane abin da ya fi ba shi haushi har yau: shekara biyu da rabi yana zaton shi ke yi musu dabara, ashe su biyun sun fi shi sanin ginin nan tubali da tubali. Sun dai sami wanda zai yi musu rantsuwa ne kyauta. Kuma ba su kaɗai ba. Duk wani mai furfura a garin ya sani, amma faɗa yana nufin a tambaye ka yadda aka yi ka sani.

Bas biyu suka tafi da allunansu.

Abin da ya biyo baya shi ne haɗin kan da ba a taɓa gani ba a unguwar. A cikin sati ɗaya aka kafa kwamitin haɗin gwiwa, Ciyaman shugaba, Mama mataimakiya. Suka zauna a teburi ɗaya, suka sha lemo, suka rubuta takarda zuwa ofishin kula da wuraren tarihi. Takardar ta ce mai gadi maƙaryaci ne a kore shi, mai takalma kuma tsufa ya taɓa masa kai a tashe shi daga wurin. Wani gidan rediyo ya gayyace su shirin zaman lafiya, aka yi ta yaba musu yadda suka zama abin koyi.

Ofishin ya amsa bayan wata huɗu. Ya ce ya duba bai ga fayil ɗin wani mai gadi a wannan wuri ba, kuma ba ya iya korar wanda ba shi da fayil. Albashi dai ya ci gaba da zuwa, ba wanda ya san ta wace hanya.

A gida darduma ta koma cikin akwati. Inna ta yi kwana tara ba ta yi masa magana ba, wanda Kawu ya ce shi ne hutu mafi tsawo da ya taɓa samu. A rana ta goma ta ce, "Kai, ka ba ni kunya a gaban mata." Ya ce, "Ni dai a ganina," ta ce, "Ba ka da gani."

Baƙi suka ɗauke ƙafa. Kawu ya zauna shi kaɗai da bango. Wata safiya ya ɗauki kofi biyu ya fita waje, ya zauna a kan gwangwanin da masu kawo gyara ke zama, ya yi wa tsohon ihu a kunne: "Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

Tsohon ya cire ƙusa daga bakinsa. "Ka tambaye ni?"

Kawu ya ce bai taɓa jin maganar da ta zaunar da shi kamar wannan ba. Shi da ya san zafin a wuce ka kamar kujera, ya yi shekara kusan uku yana ɗaga wa mutum hannu daga nesa.

Daga ranar ya mayar da bencinsa waje. Ya sayi littafin rubutu mai layi, yana tambaya da ihu, tsoho yana amsawa da ihu, har 'yan tasha suka haddace rabin labarin. Su biyar ne a ƙungiyar makaɗan gidan rawar. Mai ganga tela ne, mai jita ma'aikacin jirgin ƙasa. Ana buɗewa da kiɗa mai sanyi don masu kunya su samu shiga. An taɓa yin ruwan sama rufi yana yoyo, aka ci gaba da rawa da laima. Idan Kawu ya kunna kaset, tsohon yakan ɗora tafin hannunsa a kan rediyon, ya ce ta nan yake ji, ya kuma ce mai ƙahon cikin kaset ɗin yana saurin numfashi.

Sannu a hankali wasu irin baƙi suka fara zuwa. Ba sa zuwa a bas, kuma ba sa zuwa biyu. Tsofaffi ne, ɗaya bayan ɗaya, yawanci da hantsi lokacin da unguwa ta tafi aiki. Kowa da dalilinsa: wannan ya zo tasha karɓar saƙo, waccan takalminta ne ya tsinke. Sai su shiga su tsaya a wani wuri a tsakar kangon, ba a tsakiya ba, wani wuri dai da su suka sani. Wata tsohuwa da surukarta ta kawo a mota ta ce wa surukar ta jira a waje, za ta yi addu'a. Ta shiga ta ce wa Kawu, "Tura ƙofar nan. Kunna." Ya kunna. Ta riƙe sandarta da hannu biyu, ƙafafunta ba su motsa ba, kafaɗunta kawai ke tafiya, idonta a rufe. Da kiɗan ya ƙare ta goge fuska da gefen mayafi, ta fita tana cewa da ƙarfi, "Kai, wuri mai albarka!" Surukar ta ce amin.

Tsoho mai takalma ya rasu bara, lokacin damina. Mutum shida ne suka raka shi, huɗu daga ciki 'yan tasha. Kwamitin haɗin gwiwa yana da taro a ranar.

Yanzu idon Kawu ya yi rauni, ba ya ganin layin littafi. Duk Asabar nakan je kango in zauna a matakala ta biyu, yana faɗa ina rubutawa a sabon littafi, don nasa rubutun ni kaɗai ke iya karanta shi. Mun kai shafi na arba'in da ɗaya. Ba ya yarda in gyara masa ko kalma, wai ni 'yar boko ce zan ɓata masa magana. Makon jiya muna kan labarin ranar da aka buɗe gidan, ya ce, "Rubuta, makaɗa goma sha biyu suka hau dandamali."

Na ɗaga tsohon littafin. "Kawu, nan ka rubuta biyar."

"Biyar a wannan faɗin? Ai sai wurin ya yi kama da ba kowa."

"Haka marigayi ya faɗa."

Ya juya cokali a kofi. Wata bas ta yi ham a tasha, mai kiran fasinja yana ta rantsuwa saura mutum ɗaya.

"To," ya ce, "rubuta bakwai."